Makulli Biyu

Shekara goma sha tara makullin yana wuyana,
a igiyar fatar da na jeme da hannuna.
Akwatin kuɗin majema, ni ne bakinsa, ni ne kunnensa.
Ba kaye, ba bik.
Baba Tankari ya ce ya yarda da ni,
aka shafa fatiha, magana ta ƙare.

Da Baba ya kwanta dama
ƴan ƙungiya suka ɗaga wa Kyari hannu,
yaron da na koya wa kankare gashi daga fatar akuya,
wanda warin rami ya sa shi amai ranar farko.
Ya je lakwal ya dawo, warin bai kore shi ba.

Zaman farko, gindin dutsen da ke ba mu inuwa bayan azahar,
ya ajiye sabon kwaɗo bisa tabarma.
Ya ce daga yau makulli biyu,
ɗaya gare ni, ɗaya ga wanda aka zaɓa duk wata.
Abin da ya shiga da abin da ya fita
a rubuta da alli a bangon sito, mai wucewa ma ya gani.

Sai na ji kamar an watsa mini ruwan toka.
Na ce, yaro, ɓarawo ka kama?
Ya ce, a'a Baba,
so nake in ka kwanta ka yi barci.
Sati uku ban amsa gaisuwarsa ba.

Daga nan ya taɓa ruwa.
A Damagaram, inda ake jiran mai kura kamar baƙon Makka!
Ya ce ruwan ɗauraya ya koma jiƙon farko,
a daina sakin shi yana bin lungu har ƙofar mutane.
Ya ce duk buhun bagaruwa a cire dala ashirin a yi dashe,
don masu kawo ta daga ƙauye sun ce itacen ya yi nisa,
gatari ya riga mu.
Muka ce jima muka gada, ba aikin gandun daji ba.
Mutum huɗu suka kwashe fatunsu.
Biyu har yau ba su dawo ba.

Da damina ya ba wani falke kaya bashi.
Falken ya yi arewa, wayarsa ta mutu.
Da safe muka tarar da bango ya yi magana:
Jikka tamanin. Kyari ya bayar ba shawara.
Laifina ne, zan biya wata-wata.
Ga sunansa da manyan baƙaƙe,
daidai inda rana ke fara bugawa.

Daren nan ban runtsa ba.
Akwai shekarar da Tsahara ta kwanta asibiti,
na buɗe akwatin da tsakar dare, na ɗauki jikka talatin.
Bayan layya, da fata ta yi yawa, na mayar.
Ko dala ba ta ɓata ba, ba wanda ya sani.
Amma tun ranar igiyar take cin wuyana.

Na same shi bakin rami, hannu jawur da karan dafi.
Na faɗa masa. Na miƙa alli, don ban iya boko ba.
Ya ce, an biya?
Na ce, an biya.
Ya ce, bango na bashin da ke da rai ne, Baba,
zo ka ƙirga mini fatun jiya.

Cikin dashe sittin awaki sun ci ashirin da bakwai.
Sauran sun kawo mini gwiwa.
Ba da ƴaƴansu zan yi jima ba, na sani,
amma can nake zuwa alwala, kada ruwan ya zuba banza.

Makulli na biyu wannan watan yana hannun Gambo Lawali.
Ba ma shiri da shi, ba mu taɓa yi ba.
Jiya na yi barci har ladan ya yi kira na biyu.